El Anatsui: Abin da Ƙauye Ya Koya wa Hannunsa

A shekarar 1998 wani malamin jami'a ya fita yawo a bayan garin Nsukka, yana dube-duben abin da mutane suka zubar, kamar yadda ya saba. A cikin ciyawa ya ci karo da buhu cike da marafan kwalaben giya, irin na alminiyam ɗin nan masu laushi da ake murɗewa a buɗe. Ya ɗauka ya kai ɗakin aikinsa ya jingine. Buhun ya yi watanni a nan. Sai daga baya ya fara zaro marafan ɗaya bayan ɗaya, yana tsaga su, yana miƙar da su, yana huda gefunansu, yana ɗaure wannan da wancan da siririyar wayar jan ƙarfe. Da abin ya yi faɗi ya ɗaga shi, sai ya ga ƙarfe yana lanƙwasa yana zuba kamar zane. A lokacin shekarunsa 54, ya riga ya shafe fiye da shekara 20 yana koyar da sassaƙa.

Mutumin shi ne El Anatsui, ɗan ƙasar Gana, wanda a yau ake rataye ayyukansa a manyan gidajen adana kayan fasaha na Landan da Paris da New York. Yana cikin masu fasahar haɗe-haɗe, wato waɗanda ba su tsaya ga fenti kaɗai ko katako kaɗai ba, suna gama yumɓu da itace da gwangwani da waya da duk abin da ya zo hannu su fitar da aiki guda. Idan ka kalli hoton babban aikinsa daga nesa, za ka rantse alkyabbar wani sarki ce aka shanya a bango, zinariya da ja da baƙi suna walƙiya. Idan aka matso da kyamara kuwa, sai ka ga sunayen kamfanonin barasa, da lotsewar guduma, da 'yan ƙulle-ƙullen waya da yatsun mutum suka murɗa, dubbai a kan dubbai.

Akwai wani labari mai sauƙi da ake yawan bayarwa a kansa. Ana cewa mahaifinsa masaƙi ne, yana saƙa kente, wato yadin gargajiyar Gana mai launuka, a ƙauye, shi kuma ɗan ya tashi ya saƙa kente da ƙarfe. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Labarin yana da daɗin ji, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma ni ina ganin ya rage wa mutumin daraja, ya kuma ɓoye ainihin yadda tashin karkara ke shiga aikin mai fasaha. Abin da ƙauye ya ba Anatsui ya fi zanen kente zurfi, kuma bai same shi ta gado kai tsaye ba. Sai da ya yi zagaye mai nisa.

An haife shi a 1944 a Anyako, wani gari na ƙabilar Ewe da ke bakin tafkin Keta, a kudu maso gabashin Gana, kusa da iyakar Togo. Wuri ne na ruwa da gishiri da kifi. Tafkin ne gonar mutane: idan ya cika a yi su, idan ya janye da rani a kwashi gishiri. Mahaifinsa masunci ne kuma masaƙi, shi ne kuma autan 'ya'yansa 32. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana jariri, sai kawunsa, wanda limamin coci ne na ɗariƙar Firesbiteriyan, ya ɗauke shi ya rene shi a gidan mishan. A nan ne labarin nan mai sauƙi ya fara tangarɗa. Gidan mishan na wancan zamani tsibiri ne a tsakiyar gari. Akwai coci, akwai makaranta, akwai ƙararrawa, kuma ana tsare yara daga kiɗan gargajiya da bukukuwa da wuraren tsafi, don ana ɗaukar su abin da aka baro a baya. Yaron yana cikin ƙauye, yana shaƙar iskarsa, yana ganin taru a shanye da kwale-kwale a bakin ruwa, amma akwai shinge tsakaninsa da abin da dangin ubansa ke yi. Fasahar da ya fara sani ma haruffa ne: yana kwaikwayon rubutun allo da alli, siffar baƙaƙen tana burge shi tun kafin ya san abin da suke faɗi.

Duk wanda aka kai makarantar kwana yana ƙarami ya san wannan yanayi. Kana ɗan gida, amma idan aka fara wata hira sai ka ji kamar baƙo. Irin wannan rashi yakan sa wani ya juya baya gaba ɗaya, yakan kuma sa wani ya kamu da ƙishirwar da ba ta ƙarewa. Anatsui na biyun ne.

Gana ta sami 'yanci a 1957, yana ɗan shekara 13. Da ya shiga sashen fasaha na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kumasi a tsakiyar shekarun 1960, sai ya tarar da manhajar da aka kwafo daga Ingila: a zana jikin mutum yadda Turawa ke zanawa, a zuba mutum-mutumi da filasta, a haddace tarihin masu zanen Turai. Ya koya, ya kuma iya. Amma sai ya riƙa sulalewa zuwa cibiyar al'adu ta Kumasi, yana zama wurin masaƙa da masassaƙa da masu buga tambarin adinkra a kan yadi. Adinkra alamomi ne na al'ummar Akan, wadda Asante na Kumasi ke cikinta, kowace da maganar da take ɗauke da ita. Ɗaya daga cikinsu ita ce sankofa, tsuntsun da ya waiwaya yana ɗauko abu a bayansa, ma'ana ba laifi ba ne mutum ya koma ya ɗauko abin da ya manta. A lura, wannan al'adar Asante ce, shi kuwa Ewe ne. Ko a matakin farko, abin da ya koma nema bai tsaya ga gidan ubansa ba.

Bayan ya gama a 1969 ya koyar a wata kwalejin horar da malamai a Winneba, garin masunta a bakin teku. A nan ya yi abin da nake ɗauka shi ne mabuɗin duk aikinsa. Ya bar filasta da kayan da ake odarsu daga waje, ya shiga kasuwa. Ya ga tiren katako masu zagaye da mata ke kasa tumatir da kifi a kai. Ya samo irinsu daga masu sassaƙa su, ya riƙa sa ƙarfe a wuta yana ƙona alamomin adinkra a tsakiyarsu, sannan ya rataye su a bango. Abin kasa kaya ya zama abin kallo. Daga wannan lokaci ya riƙe ƙa'ida guda wadda ya sha maimaitawa: mai fasaha ya yi aiki da abin da muhallinsa ya jefo masa.

Wannan ƙa'ida a littafi tana kama da falsafa, amma a ƙauye ita ce zaman yau da kullum. Ina tuna ƙwaryar kakata ta dama fura. Ta tsage tun daga baki har kusan gindi, ba wanda ya yi maganar jefarwa. Aka ajiye ta sai ranar da gyartai ya biyo ta ƙofar gida. Ya zauna a zaure, ya kifa ta a cinyarsa, ya huda ƙananan ramuka a jere gefe da gefen tsagar, ya bi da zare yana ja yana matsewa har bakin ya haɗu. Ɗinkin ya fito a fili kamar tabon kaciya, ba a ɓoye shi ba, kuma ƙwaryar ta ci gaba da aiki shekaru. Ranar da ta fashe gaba ɗaya, sakainar ta koma kwashe toka. Duk lokacin da na ga yadda ake haɗa marafan Anatsui, huda da huda, waya ta ratsa ta ƙulle, wannan zaman na gyartai nake gani. Ban ce daga Hausawa ya koya ba. Abin da nake nufi, hankalin iri ɗaya ne a duk inda shago ke da nisa kuma kuɗi ke da wuya: abu ba ya mutuwa lokaci guda, sauka yake yi daga wani aiki zuwa wani.

A 1975 ya zo Nijeriya, aka ɗauke shi malami a Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka. Shekara biyar kenan da gama yaƙin basasa, jami'ar tana farfaɗowa daga ɓarnar da aka yi mata. Shugaban sashen fasaha shi ne Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan ya yi karatu a Zariya, yana cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu fasaha ta Zariya a 1958. Waɗannan matasa sun ce ba za su haɗiye koyarwar Bature ɗanya ba, za su gauraya ta da fasahar gidajensu. Okeke ya kawo wannan ra'ayi Nsukka, ya dasa shi a kan uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki. Anatsui ya faɗo cikin mutanen da suke tambayar da yake yi wa kansa. Ga shi kuma Nsukka ba Legas ba ce. Gari ne na tuddai da jar ƙasa, gonaki sun kewaye shi, kasuwarsa ta manoma ce. Ya koyar a nan har 2011, shekara 36. Ko korar da aka yi wa 'yan Gana a 1983 ba ta raba shi da garin ba. Idan ana maganar tashinsa a karkara, ni ina lissafa wurare biyu: Anyako da ta haife shi, da Nsukka da ta ƙarasa renonsa.

Aikin da ya fara jan hankali da shi a nan na yumɓu ne, jerin da ya kira fasassun tukwane, wanda ya baje a 1979. Yakan gina tukunya ya fasa ta ya sake haɗawa, ko ya gina ta tun farko da ɓaraka da faci. Ya yi bayanin cewa a wurin mutanensa, fashewar tukunya ba ƙarshenta ba ne. Tukunya lafiyayya aiki ɗaya take yi, ko ruwa ko miya. Idan ta fashe sai ayyukanta su yawaita, har tsingaronta ya shiga hidimar bauta, a zuba wa magabata abinci a ciki. Magina kuma suna daka tsohon tsingaro su zuba a sabon yumɓu don ya yi ƙarfi ya jure wuta. Wannan ilimin mata magina ne, kowace ƙauye ta san shi. Shi kuwa ya ɗauke shi ya auna nahiyar da mulkin mallaka ya farfasa, da ƙasar da ta fito daga yaƙi. A cikin ayyukan wannan lokaci akwai wani kai na yumɓu da ya yi a 1977, fuskarsa irin ta mutum-mutumin Nok na kudancin Kaduna, amma idan ka zagaya bayansa sai ka ga a buɗe yake, an raba cikinsa ɗaki-ɗaki, mafi yawa wayam. Kai ne da aka kwashe wa tunani.

Shekarun katako sun biyo baya. A 1980, yana wani zaman aiki a Amurka, ya gwada zarton inji, ya ga yadda yake yaga itace da fushi, ya ce wannan shi ne harshen da ya dace da yadda Turawa suka yanyanka Afirka a taron Balin na 1884. Ya riƙa jera filayen katako tsaye gefe da gefe, ya tsaga su da inji, ya babbake da wuta, ya ɗan shafa launi. Kuma ya bar su a sake, mai rataya yana iya sauya jerinsu. A 1990 an nuna aikinsa a babban baje kolin Venis na ƙasar Italiya, ya sami yabo, amma duniya ba ta tsaya ba tukuna.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne jerin kayan da ya bi ta kansu kafin ya iso ga marafan kwalba. Tiren kasuwa. Tukunya. Tsofaffin turame da aka gama daka kwakwar manja a cikinsu har suka huje. Magogin rogo, wato falankin kwano da ake hudawa da ƙusa a goga rogo a kai don yin garin kwaki; ya tara waɗanda suka yi tsatsa aka yar, ya gina bango da su a shekarar 2000, bango mai tsayi wanda haske ke ratsa dubban hujojinsa. Marafan gwangwanin madarar Peak, waɗanda ya ɗinke da waya ya tara su tsibi-tsibi. Duka kayan ci da sha ne. Duka sun bi ta hannun mata a madafa da kasuwa. Kuma akwai wata lura da sai wanda ya zauna cikin talakawa zai yi ta: gwangwanin madara ba a yar da shi, ana awo da shi, ana dafa alala a ciki, ana yin fitila da shi, marfin da aka yanke ne kaɗai ba shi da mai so. Haka kwalba, ana wanke ta a sake zuba wani abu, a zuba gyaɗa ko kananzir. Marfin ne ke zama shara. Anatsui ya je can ƙarshen layi, inda ko ƙauye ya gaji da abu ya sake shi, ya tsince shi a nan. Ya sha faɗin cewa yana son abin da hannaye da yawa suka taɓa, don taɓawar tana barin wani abu a jikinsa. Kuma ba ya son a kira aikinsa sake sarrafa shara, shi a wurinsa sauya wa abu rayuwa yake yi.

Mai karatu zai iya jin wani iri game da giya, kuma da dalili. Amma zaɓen nan ba talla ba ne. Barasa tana cikin manyan hajojin da jiragen Turawa suka riƙa saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma suna karɓar mutane. A kai bayin gonakin rake a tsibiran Karebiyan, a matse raken a yi barasa, a dawo da ita a sayi wasu bayin. Wannan tarihi a ƙofar gidansu Anatsui yake. A garin Keta, tsallaken tafki daga Anyako, akwai ganuwar Prinzenstein da 'yan Danmak suka gina a 1784, inda aka tsare bayi kafin a loda su, wadda teku ta cinye babban ɓangarenta. A 1996 ya je Danmak ɗin kanta, ya tsinci gungumen itatuwan da ruwa ya turo gaɓa, ya babbake kawunansu a wata tsohuwar maƙera, ya tsayar da su kamar ayarin mutane, ya kira su 'ya'yan Akua da suka tsira. Saboda haka da ya ɗauki marfin kwalbar da aka yi a Nijeriya ya ɗinke shi ya aika Turai, ya san hanyar da yake mayar da kayan. A 2023, da aka ba shi katafaren zauren gidan adana kayan fasaha na Tate Modern a Landan, ya rataye wani jan ƙyalle na ƙarfe mai kama da filafilan jirgin ruwa da iska ta cika. Sunan Tate kuwa na attajirin sukari ne.

Sai maganar hannaye. Aiki guda yana iya cin marafai dubu ɗaruruwa, ba mai iya wannan shi kaɗai. Ɗakin aikinsa a Nsukka cike yake da samarin unguwa, gommai, da yawansu masu neman kuɗin makaranta. Suna zaune a kan benci, wani na yanka, wani na bugawa, wani na hudawa a kan katako, wani na ƙullawa. Kowa yana haɗa ɗan faci mai launi ɗaya da salo ɗaya. Sai a shimfiɗa facin a ƙasa, maigidan ya tsaya a kai yana cewa a ja wannan nan, a kai wancan can, yana ɗaukar hoto yana dubawa, har sai tsarin ya kwanta masa, sannan a ɗinke gaba ɗaya. A nan ne saƙar mahaifinsa ta fito da gaske. Kente, kamar saƙinmu, ba a saƙa shi da faɗi. Siririyar ƙwarya, wato zirin saƙa, ake yi mai tsawo, a yanka, a jera, a ɗinke, kuma kyan zanen yana ga yadda aka gama ƙwarya da ƙwarya. Dabarar gina babban abu daga ƙananan da aka yi daban-daban, ita ce gadon. Biyu daga cikin ayyukan da ya kai Venis a 2007 ya sa musu suna Dusasa, kalmar Ewe mai nufin facin da mutanen gari suka taru suka haɗa.

Sai dai kada daɗin kalma ya ɗauke mu. Masu rubutu suna son kwatanta wannan ɗaki da aikin gayya, ni kuma ina ganin kwatancen ya tsaya rabin hanya. A gayya, yau a gonarka gobe a tawa, kuma amfanin na mai gona ne kowa ya sani, don kowa zai zama mai gona wata rana. A nan aikin lada ne: ana biyan samarin, sunan mutum ɗaya ne a bango, kuma aikin yana iya haura dala miliyan ɗaya a gwanjo. Haka manyan masu fasaha na Turai suka yi tun da, haka maƙeri da masaƙi ke yi da yaransu, ba aibi ba ne a kansa. Ya samar wa matasa abin yi a garin da aiki ke wuya, ya kuma yaye ɗalibai da suka zama wani abu, irin su Nnenna Okore da Olu Oguibe da Chika Okeke-Agulu. Amma tazarar da ke tsakanin mai murɗa waya a Nsukka da mai ɗaga hannu a ɗakin gwanjo a New York tana nan, kuma duk mai son aikin da gaske ya kamata ya riƙa ganinta tare da walƙiyar.

Wani abin da ke ba ma'aikatan gidajen tarihi mamaki shi ne, idan ya aiko da aiki, a naɗe yake zuwa cikin akwati kamar bargo, kuma ba ya haɗo shi da takardar yadda za a rataye. Ya bar wa mai rataya ya tattare nan, ya sake can, ya bar gindin ya zubo ƙasa idan ya so. Aiki ɗaya ba ya fitowa iri ɗaya a wuri biyu. Ga wanda aka horar cewa aikin fasaha abu ne tsayayye da ba a taɓawa sai da safar hannu, wannan abin tsoro ne. Ga ɗan masunci kuwa, taru ba shi da siffa ɗaya: wata a cikin ruwa, wata a kan kafaɗa, wata a shanye a rana. Zane ma sai an ɗaura yake samun siffa, kuma ɗaurin kowa daban. Tafkin da ya buɗe ido a kansa shi kansa ba shi da tsayayyen baki, damina ta matso da shi, rani ya ja da shi. Ba zan ce wannan ne kaɗai dalili ba, don mutumin ya yi karatu ya yi yawo ya san abin da masu fasahar duniya ke yi. Amma samun natsuwa da abin da ba ya tsayawa wuri ɗaya, ba a aji ake koyonsa ba.

Zaman karkara yana da farashi, kuma ya biya. Takwarorinsa da yawa sun koma Landan ko Paris ko Amurka, inda dillalai da 'yan jarida suke. Shi ya zauna inda wuta ke ɗaukewa, inda sai an yi tafiya mai nisa kafin a kai filin jirgi. Ayyukansa biyu na farko na marafai, zanen namiji da zanen mace, Gidan Tarihin Birtaniya ya saye su a farkon shekarun 2000, amma sai a 2007, da ya lulluɓe fuskar wani tsohon katafaren gida a Venis da mayafin ƙarfe, duniyar fasaha ta juyo gaba ɗaya. Shekarunsa 63. A 2015 aka ba shi lambar Zakin Zinariya ta Venis don aikin da ya yi tsawon rayuwarsa, a 2017 kuma babbar lambar fasaha ta Japan. Jinkirin ya yi yawa, kuma ba don aikin bai nuna ba ne. Masu kallo ne ba sa duban inda yake. Amma da ya tafi tun yana matashi, da wuya ya taka buhun nan a cikin ciyawa, da wuya ya sami fili da hannaye da shekarun gwaji ba tare da dillali na tsaye a kansa ba.

Da shahara ta zo kuma, ta zo da nata shingen. Saboda marafan giya galibi ja ne da rawaya da baƙi, launukan da suka yi daidai da kente, saboda kuma shi da kansa ya kira na farkon zane, sai masu sharhi a Turai suka manne wa kente. Kowane rubutu sai an ambaci mahaifi masaƙi. Ya nuna cewa wannan ya takura ma'anar aikin, shi masassaƙi ne, abin da ke gabansa shi ne yadda ƙarfe zai sami 'yancin motsi. Ina tare da shi a nan, kuma abin yana ci mini rai. Idan Bature ya yi aiki da tarkacen ƙarfe, sai a ce tunani ne. Idan ɗan ƙauyen Afirka ya yi, sai a ce al'adarsu ce, kamar hannunsa ne ya yi ba kansa ba. Mahaifinsa ya haifi 'ya'ya 32 a bakin tafki ɗaya, dubban yara sun tashi suna ganin taru da tsingaro, amma mutum ɗaya ne ya ga abin da ke cikin buhun nan. Ƙauye ya ba shi kayan aiki da ɗabi'ar hannu. Shekara 30 na karatu da koyarwa da gwaji da kuskure su suka mayar da su fasaha.

Duk da haka bai taɓa sakin harshen gida ba. Sunayen ayyukansa da yawa da Ewe suke: Gawu, rigar ƙarfe, Sasa, faci, Gli, bango. Wani kuma ya kira shi hanyoyin zuwa gonar kuɓewa, shi ne aka sayar fiye da dala miliyan ɗaya a 2014. Gli ɗin nan yana da labari a bayansa. Ewe suna cewa kakanninsu sun zauna a Notsie, cikin Togo ta yau, a bayan wata katangar ƙasa mai kauri, ƙarƙashin azzalumin sarki Agokoli. Da suka ƙudura gudu, sai mata suka riƙa zubar da ruwan wanki da na wanke-wanke a wuri ɗaya a gindin katangar, kullum, har ta jiƙa ta yi laushi. Da dare aka fasa ta, mutane suka fita suna tafiya da baya don sawunsu ya nuna kamar shigowa aka yi. Har yau ana bikin tunawa da wannan fita duk watan Nuwamba a Anloga, a ƙasar Anlo, wani reshe na Ewe, inda ya tashi, irin bikin da yaron gidan mishan zai ji kiɗansa daga nesa. Da ya tashi gina nasa bangon a 2010, da siraran zobban wuyan kwalba ya yi shi, waɗanda ke saura idan an murɗe marfi. Ya rataye su daga rufi, faffaɗa, shara-shara kamar taru, yadda wanda ke wannan gefe yana ganin wanda ke wancan, kuma mutum na iya zagayawa ya fita.